Yadda Ake Hana 'Yan Wasan Bogi Sakat a Saba Ba Tare da An Zalunci Na Gaske Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina mun yi karo-karo mun kama hayar saba (kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta ta intanet) a Frankfurt ta ƙasar Jamus, muna buga wasan Team Fortress 2 a kanta, ranakun hutu kuma Minecraft. Matsalarmu biyu ce. Akwai wasu akawun da ke shigo mana waɗanda ba mu yarda mutane ne ba, in mun kore su sai su dawo da wani suna. Sannan sabar kan yini ba kowa, har wani ya ba mu shawarar mu sa manhajar da za ta riƙa nuna akwai jama'a a ciki. Ta yaya za mu kafa dokar wasa tsakani da Allah, kuma ta yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da ta biyun zan fara, domin ita ce kacokan a hannunka, kuma wanda ya cika sabarsa da 'yan bogi ba shi da bakin hana wani shigo da nasa.

Kada ku sa manhajar nan. Idan mutum ya buɗe jerin sabobi, kwamfutarsa kan aika wa kowace saba 'yar tambaya, wadda a wasannin Valve, kamfanin da ya yi Team Fortress 2, ake kira A2S_INFO, ita kuma sabar ta amsa da sunanta, da filin da ake bugawa, da yawan mutanen da ke ciki, da yawan bot, wato 'yan wasan da na'ura ke tuƙawa. Tunda sabar ce ke ba da labarin kanta, ƙarya ba ta da wuya: a gyara amsar ta ce 19 cikin 24 alhali ba kowa. Duk wanda ya taɓa shiga motar tasha ya tarar saura mutum biyu ta cika, ya biya kuɗi, sannan ya ga fasinjojin suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya domin ashe 'yan kamasho ne, ya san abin da ke zuwa zuciyar ɗan wasan da aka yi wa haka. A tasha dai an riga an karɓe kuɗinka, dole ka zauna. A nan kuwa fita danna maɓalli ɗaya ne, kuma cikin jerin sabobin na Team Fortress 2 akwai inda mutum zai jefa sunanku don kada ya sake ganinku har abada.

Valve ta daɗe da sanin wannan wayon. A watan Maris na 2009, kafin wasan ya cika shekara biyu da fitowa, ta bayyana yadda take auna sabobi ba tare da ta saurari abin da suke faɗa game da kansu ba. Kowace saba tana farawa da maki sifili. Duk sanda mutum ya shiga, a zaftare mata maki 15. Kowane minti ɗaya da ya yi a ciki, a ba ta maki 1, iyaka 45 a kan mutum guda. Yi lissafin da kanka. Wanda ya zauna minti 15 ya biya bashin shigarsa, wanda ya kai minti 45 ya bar maka ribar 30, wanda ya leƙo ya ga wayam ya juya cikin minti ɗaya ya bar ka da asarar 14. Saba mai ƙaryar cika ta fi kowace jawo masu leƙowa, ta kuma fi kowace korarsu, don haka makinta ke ta nutsewa, waɗanda suka fi nutsewa kuwa aka cire su daga jerin. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne bayanan shiga da fita ba a hannun mai saba suke ba, ba shi da yadda zai murɗe su. Daga baya kamfanin ya fito ƙarara da wata ƙa'ida da ya kira Policy of Truth, wadda ta haramta wa masu sabobi ƙirƙirar adadin 'yan wasa ko sa wa bot rigar mutum. A Counter-Strike: Global Offensive kuwa, a ƙarshen 2015 aka kafa dokar cewa babu sabar da jama'a za su shiga sai da lambar shaida da ake kira GSLT, wadda ke ɗaure da akawun ɗin Steam (dandalin wasanni na Valve) mai lambar waya, ta yadda hukunci zai bi mai sabar har gida maimakon ya tsaya a kan na'urar da ya yi haya. Facepunch, masu wasan Rust, su ma suna toshe sabobin da ke ƙaryar yawan jama'a.

Akwai kuma dalilin da ya sa tsofaffin 'yan wasa ke tsoron saba mai alamar ƙarya, ba haushi kaɗai ba. A watan Maris na 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Rasha, Doctor Web, ya gano cewa cikin sabobi kusan 5,000 na Counter-Strike 1.6 da ke jerin Steam, 1,951 na bogi ne, wato kashi 39 cikin ɗari. Wata muguwar manhaja mai suna Belonard ce ta ƙirƙire su a kan kwamfutocin mutanen da ta kama. Suna nuna ping (ma'aunin jinkirin saƙo tsakaninka da saba) mai kyau, in ka shiga su tura ka inda za a harbi taka kwamfutar, ita ma ta koma tarkon kama wasu. Duk wannan domin tallata sabobin waɗanda suka biya kuɗi. Wanda ya san wannan labarin, da ya lura adadinku ba gaskiya ba ne, ba zai tsaya jin uzuri ba.

Bot na gaskiya, wato wanda sabar da kanta ke tuƙawa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ba laifi ba ne. A Team Fortress 2 ka sa tf_bot_quota a kan adadin da kake so, ka sa tf_bot_quota_mode a kan fill, sai bot su riƙa fita ɗaya bayan ɗaya yayin da mutane ke shigowa. Jerin sabobi zai nuna su a gurbinsu daban, allon maki kuma zai rubuta BOT a inda ping ya kamata ya fito. Kowa ya san da wa yake wasa. Sauran aikin cika saba kuwa na mutane ne: ku tsayar da lokaci, misali bayan sallar isha'i ranar Juma'a da Asabar, ku shida ko takwas ku shiga tare ku zauna. Baƙo yana shiga saba mai mutum takwas na gaske, kuma yana zama. Ba abin kunya ba ne a ga sabarku fayau da ƙarfe goma na safe.

To, mu dawo kan masu shigo muku.

Abin da ya faru da Team Fortress 2 kansa ya isa darasi. Wasan ya zama kyauta a 2011. A 2016 Valve ta kawo tsarin Casual, inda na'ura ke rarraba mutane a sabobin kamfanin, waɗanda ba su da admin ko ɗaya a ciki. Daga wajen 2020 bot na maguɗi, wato akawun da na'ura ke tuƙawa daga waje, suka yi musu ƙawanya. Za ka ga Sniper, wato maharbin nesa na wasan, yana kallon sama ko yana juyi kamar fanka, amma duk wanda ya leƙo da kansa ya faɗi nan take. Suna cika makirufo da ihu da kiɗa, suna zuba zagi a wurin hira. Mafi muni, sukan saci sunan ɗan wasa na gaske su ƙara masa harafin da ido ba ya gani, don in an kira ƙuri'ar kora a kori mai sunan a bar ɓarawon. In suka yi yawa a ɓangare guda, su da kansu suke kiran ƙuri'a su kori mutanen. 'Yan wasa suka yi gangamin SaveTF2 a watan Mayun 2022, Valve ta yi 'yan gyare-gyare, har da bai wa ɓangarorin biyu damar gudanar da ƙuri'ar kora a lokaci guda, amma bot ba su tafi ba. Sai a watan Yunin 2024, bayan gangamin FixTF2 da takardar koke mai sa hannu sama da 300,000, aka yi musu korar kare da gaske.

Duk tsawon shekarun nan sabobin jama'a masu kulawa, irin su Uncletopia, sun kasance mafakar masu son wasa cikin natsuwa. Ba don sun fi Valve injiniyoyi ba. Akwai mutum a bakin ƙofa, shi ke nan. Mai bot ba ya asarar komai idan aka kori akawun ɗin da ya buɗe kyauta cikin minti biyu, yana da wasu ɗari a ajiye. Shi ya sa naku suke dawowa da wani suna. Muddin shiga sabarku ba ta cin komai, kora ma ba ta cin komai. Aikinku shi ne ku sa akawun ya zama abin da ake jin zafin rasawa, ba tare da kun rufe wa talaka mai gaskiya ƙofa ba.

Fara da daina kallon suna. A Steam mutum yana canza suna sau nawa ya so, amma lambarsa, mai alƙaluma 17 da ke farawa da 7656119, ba ta canzawa. Ku ɗora SourceMod, manhajar kula da saba, a kan sabar, ku haɗa da SourceBans don kowace kora ta shiga kundi da lambar, da dalili, da sunan admin ɗin da ya yi ta. Daga Steam kuna iya sanin ko akawun yana da tabon VAC, wato tsarin Valve na kama masu maguɗi, da kwana nawa da samunsa, in kuma shafinsa a buɗe yake, ku ga ranar da aka buɗe shi. Akwai kuma abin da Steam ke kira akawun mai iyaka, wato wanda bai taɓa kashe dala 5 ba. Sabobi da yawa suna hana irin waɗannan shiga kwata-kwata. Ni ban ba ku wannan shawarar ba. Cikin mutanen da za su zo muku daga Kano ko Zariya ko Maraɗi, da yawa ba su taɓa sayen komai a Steam ba, biyan dala da katin banki na gida ba kullum yake da sauƙi ba, kuma wasan kyauta ne ya kawo su tun farko. Valve da kanta ta bi wannan hanyar a tsakiyar 2020, ta hana akawun na kyauta magana a sabobinta. Zagin bot ya ragu, amma sabon ɗan wasa mai gaskiya ko kiran Medic, likitan wasan, ya gagare shi, bot kuwa suka ci gaba da harbin kai.

Abin da ya fi shi ne a buɗe ƙofa, a riƙe haƙƙoƙi. Sabon shiga ya buga wasa, amma ba ya kiran ƙuri'ar kora, ba ya kaɗa ta, ba ya buɗe makirufo, sai ya tara wasu awoyi a sabarku, a ce biyar. In wani tsohon ɗan gida ya tsaya masa, a ɗage masa tun ranar farko, da sharaɗin in ya yi ɓarna za a tambayi wanda ya kawo shi. Kuna iya taƙaita yawan Sniper a kowane ɓangare, abin da ko babu bot yana gyara wasa. Da wannan tsarin, mutum na gaske bai rasa komai ba sai ɗan haƙuri, mai bot kuwa dole ya bar akawunsa ya yi awa biyar yana wasa kamar mutumin kirki kafin ya samu abin ɓarna, sannan ya rasa shi cikin minti ɗaya. Yawancinsu ba za su yi ba, za su nufi inda ya fi sauƙi.

A Minecraft maganar ta fi gajarta, kuma tana cikin layi ɗaya na fayil ɗin server.properties. Idan online-mode yana kan true, sabar tana tambayar Mojang, masu wasan, ko mai shigowa ya mallaki akawun ɗin da yake iƙirari, don haka kowane bot sai an saya masa wasan. Idan yana kan false, kowa na iya shigowa da kowane suna, har da naka, kuma mutum ɗaya na iya turo muku ɗaruruwa a dare guda. Na san abin da ke sa mutane su mayar da shi false: akwai abokan da ba su sayi wasan ba. In haka kuka zaɓa, ku sani kun cire ƙyauren gidan ne, dole ku sa manhajar kalmar sirri irin AuthMe, ku kuma kunna white-list don kada kowa ya shiga sai wanda kuka rubuta. Ko da true ɗin ne ma, saba ta abokai ba ta da dalilin zama babu white-list. Akwai masu bin intanet lungu-lungu suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 25565, wadda Minecraft ke amfani da ita, don neman sabobin da aka bari a buɗe, ba sai kun tallata adireshinku za su same ku ba. In wata rana kuka girma har kuka sa BungeeCord ko Velocity, manhajojin da ke haɗa sabobi da yawa a ƙofa ɗaya, a gaba, ku tuna sabobin da ke bayansa a kan false suke aiki, saboda haka sai an katange su yadda babu mai isa gare su sai ta gaban. An sha shiga sabobi da sunan mai gida ta wannan kafar. Ku sa CoreProtect kuma, yana rubuta wanda ya fasa ko ya ajiye kowane tubali, ya kuma mayar da ɓarna yadda take.

Sai maganar toshe lambar IP, wato adireshin da na'ura ke fitowa da shi a intanet, inda nake so ka natsu sosai, domin shawarar da za ka gani a shafukan Turawa ba ta dace da mutanenka ba. Kamfanonin layin waya suna ɗora kwastomomi masu ɗimbin yawa a kan lambar IP guda. Wanda ka toshe zai kashe data ya kunna, ko ya sa wayar a yanayin jirgin sama na daƙiƙa goma, ya dawo da sabuwar lamba. Tsohuwar kuma ta faɗa kan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka gidan gem ko ɗakin kwanan ɗalibai, mutum ashirin a kan rauta ɗaya. Hukuncin kan mai uwa da wabi ke nan, mai laifin ne kaɗai ke tsira. In akawun biyu sun fito daga lamba ɗaya, ɗauke shi a matsayin dalilin sa ido, kada ka ɗauke shi hujja. Inda toshe lamba ke da amfani shi ne rukunin lambobin kamfanonin da ke ba da hayar na'urori, domin bot da yawa daga can ake kunna su, kuma babu mai zama a cibiyar na'urori yana buga gem. Sai dai masu VPN, manhajar da ke bi da layin mutum ta wata na'urar, su ma ta nan suke fitowa, wasunsu kuma don gyara hanyar layinsu kawai suke sa shi. Ku bar musu hanyar neman izini da lambar Steam ɗinsu.

Bot tsantsa ba shi da wahalar ganewa. Yi masa magana, ka ce ya tsaya ya yi tsalle sau biyu, ba zai yi ba. Na satar suna kuma, buɗe akwatin umarni ka rubuta status. Zai jero maka kowa da lambarsa, da ping ɗinsa, da tsawon lokacin da ya yi a ciki. In ka ga suna ɗaya sau biyu, dubi lokacin: mai minti 40 shi ne mai sunan, mai minti 2 shi ne ɓarawon. Koya wa duk admin ɗinka wannan kafin ka ba shi ikon kora.

Mai wuyar shi ne mutum na gaske da ake zargi da maguɗi, ko wanda aka kora ya dawo da sabon akawun, ko gwani da ya buɗe sabo don ya riƙa yanka sababbin shiga. A nan ne sabobi suke rasa mutanen kirki. Wanda aka harbe sau biyar a jere ba alƙali ba ne, ko da shi ne ya biya kuɗin hayar watan. Ku kunna SourceTV da tv_enable 1 da tv_autorecord 1, kowane wasa ya naɗu, kada a yanke hukunci sai an koma an kalla da sanyin rai. Sannan ku san iyakar abin da naɗin ke nunawa. Injin Source, wanda aka gina Team Fortress 2 a kansa, yana da dabarar rage wa na nesa cuta: idan ka harba, sabar kan mayar da abokin karawarka inda yake a lokacin da kai ka gan shi a allonka, sannan ta yanke ko ka same shi. Naɗin kuwa abin da sabar ta gani yake nunawa, ba abin da ɗan wasan ya gani ba. Wanda ke bugawa daga Najeriya ko Nijar a sabar Jamus, ping ɗinsa yakan haura 100, a layin waya ma ya wuce haka nesa. A naɗi za ka ga kamar ya harbi iska a bayan mutum, amma mutumin ya faɗi. Admin da bai san wannan ba zai rantse maguɗi ne, alhali nisa ne.

Alamun da ake dogara da su daban ne. Saiti ya yi tsalle zuwa kan mutum cikin ƙiftawa ɗaya ya koma inda yake, ba sau ɗaya ba, a kai a kai. Ko ya riƙa bin wani ta bayan bango daidai da tafiyarsa, babu ƙarar da ta tona shi, babu wanda ya faɗa masa. Ko kusurwar kallonsa ta wuce abin da wasan ya yarda, domin injin ba ya barin mutum ya ɗaga kai ko ya sunkuyar fiye da digiri 89. Irin wannan na ƙarshen manhajoji kamar StAC da Little Anti-Cheat suna kama shi da kansu, kuma za ku iya barinsu su yi kora kai tsaye a kan abin da hannun mutum ba zai taɓa iya yi ba. Abin da ya rage, na "ya cika iyawa", su rubuta rahoto kawai, mutum ya duba. Ko manyan ma na'ura tana ba su kunya. A watan Yulin 2010 VAC ta kori kusan mutum 12,000 daga Call of Duty: Modern Warfare 2 bisa kuskure, sai da Valve ta ba da haƙuri ta raba musu Left 4 Dead 2 kyauta. A watan Oktoban 2023 wata sabuwar manhajar katin hoto ta AMD ta jawo wa masu Counter-Strike 2 kora, daga baya aka janye. In kamfani mai wannan ƙarfin yana janye hukunci, saba ta abokai ba ta da hujjar cewa tata korar ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Wani abin koyi daga manyan shi ne riƙe baki. VAC ba ta kora nan take, takan jinkirta kwanaki ko makonni don masu ƙera manhajar maguɗi su kasa gane abin da ya tona su. A watan Fabrairun 2023 Valve ta kori akawun sama da 40,000 daga Dota 2 ta hanyar ɗana tarko: ta ajiye wasu bayanai a cikin wasan waɗanda babu mai karanta su sai manhajar maguɗi. Masu Call of Duty suna sakar wa wanda suke zargi wasu 'yan wasan bogi da shi kaɗai ke ganinsu, wasu sabobin Minecraft ma suna ajiye mutum-mutumi a bayan wanda ake zargi su ga ko takobinsa zai juya da kansa ya sare shi. Ka ga a nan ɗan bogi ya zama ɗan sanda. Ku ma, ku nuna wa wanda aka kora guntun naɗin da ya kama shi, wannan haƙƙinsa ne, amma kada ku faɗa masa saitin manhajarku ko sau nawa ake yin abu kafin ta yi ƙara.

Ita dokar da za ku rubuta, kada ta wuce abin da mutum zai karanta kafin wasa ya buɗe. Ta ambaci aiki, kada ta ambaci hali: an hana manhajar da ke saiti ko gani ta bango, an hana akawun da na'ura ke tuƙawa, an hana amfani da sunan wani, an hana dawowa da sabon akawun lokacin da ake cikin hukunci. Wannan na ƙarshen ku rubuta shi ɓaro-ɓaro, cewa mutum ake kora ba akawun ba, in ba haka ba za a zo muku da gardamar "ai wannan akawun bai yi komai ba". Bot da manhajar maguɗi da aka tabbatar, kora ta dindindin. Zagi, hayaniya, wasa da ƙuri'a, a bi su mataki-mataki, daga toshe baki na awa ɗaya zuwa kwana ɗaya zuwa mako. Ƙorafi kuma wani admin ne zai saurara, ba wanda ya yi korar ba, cikin kwanakin da kuka ƙayyade, a Discord ko a guruf ɗinku na WhatsApp. Admin da ke cikin wasa yana shan kashi a hannun wanda yake zargi, ya koma ɗan kallo tukuna ko ya kira wani.

Gwajin dokar zai zo ranar da aka kama ɗaya daga cikinku, ko wanda ya fi kowa ba da gudummawar haya. Duk 'yan sabar za su zuba ido su ga abin da za ku yi, kuma daga ranar za su san ko dokar ta kowa ce. Ku yanke wannan tun yanzu da babu sunan kowa a kai. Kada kuma ku sayar da yafiya. Akwai sabobin Minecraft da ke karɓar kuɗi su ɗage kora, abin da kawai ke sanar da mai maguɗi farashin maguɗinsa, ya kuma sa a riƙa zargin admin da kora don neman kuɗi.

Jerin korarru da wasu sabobi ke rabawa yana rage aiki, amma duk wanda ya kwafe shi ya kwafi har da son zuciyar wanda ya rubuta. Ku karɓi na waɗanda ke ajiye hujja, sauran ku mayar da su abin ankararwa. Lambobin IP da bayanan mutane da ke kundinku kuma amana ce. Na'urarku a Jamus take, inda dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ke aiki tun 2018, Najeriya ma ta yi tata a 2023. Kada a liƙa lambar kowa a guruf don a kunyata shi, kada ku nemi katin shaida ko lambar wayar da ba ku da bukata.

Daren da aka yi muku taron dangi, bot suna shigowa goma-goma, kada ku tsaya korar ɗai-ɗai. A Team Fortress 2 ku sa sv_password ku raba kalmar a guruf, a Minecraft ku tabbatar white-list a kunne yake ku fitar da duk wanda ba ya cikin jerin. In sabar ce gaba ɗaya ta daina amsawa, ambaliyar saƙonni ce aka turo mata, wannan kuma aikin kamfanin da ya ba ku haya ne, ku rubuta musu da lokacin da abin ya fara. Kada kowa ya shiga cacar baki da mai bot ɗin, kada a yi masa dariya a fili, domin martanin yake nema, kuma cikin waɗanda suka fito suka yaƙi masu bot na Team Fortress 2 akwai waɗanda aka bi da barazana aka tona bayanansu. Admin ɗinku su raba sunan wasa da sunansu na gaskiya. Bayan kwana biyu ko uku ku cire kalmar sirrin ku gani, in sun dawo ku mayar, ku ƙara kwanakin.